Baba yana da rai: jawabin ma'aji a taron wata na Sakkwatawa mazauna Yamai

Littafin kuɗi yana hannuna, zan karanta shi, amma Shugaba ka yi mini haƙuri in fara da abin da ya hana ni barci.

Jiya bayan la'asar na je Bukoki duba Baba. Yau kwana 47 da faɗuwarsa a bakin shago. Hannun dama da ƙafar dama sun shanye, baki ya karkace. Likitoci sun ɗauki hoton kai, sun ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take ga yawancin mutane, shi ya sa harshe ya tafi tare da hannu. Ya gane ni. Ya kama ni da hannun hagu yana son kiran sunana, abin da ke fita kawai "to, to". Mutumin da ya sauke rabin waɗanda ke zaune a ɗakin nan ranar da suka sauka tasha da jaka ɗaya. Mutumin da wutar Babbar Kasuwa ta 1982 ta cinye masa kaya ƙurmus, ya sake tashi, da aka buɗe sabuwar a 1987 ya shiga da ƙafarsa. Yau cokali ake kai masa baki.

Ciwon na Allah ne, ba mu da ta cewa. Abin da ya biyo bayan ciwon shi ne namu.

Babban ɗansa ya je banki da katin Baba da takardar asibiti, zai ciri kuɗin magani da na mai gasa ƙashi. Suka ce a'a. Ya ce ni ɗansa ne na fari. Suka ce ko kai ne, sai da sa hannunsa ko takardar alƙali. Da ya faɗa mini raina ya ɓaci, har na ɗauki hula zan tafi. A hanya na huce, don gaskiya suka faɗa. Da duk wanda ya ce shi ɗa ne za a buɗe masa asusu, da babu ɗayanmu da zai kwana da sisi a banki. Ga kuɗin Baba, guminsa na shekara arba'in da ɗoriya, ga iyalinsa suna cin bashin kuɗin allura.

Wani ya ce a yi takardar wakilci wurin notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance. An makara. Wakilci sai mai ba da shi ya fahimci abin da yake bayarwa, ya kuma nuna yardarsa a fili. Likita ya ce a halin yanzu ba zai shaidi hakan ga Baba ba.

Sai kuma shawarar da ta fi ƙona mini rai, kuma daga cikinmu ta fito, ba zan kama suna ba: wai a riƙe babban yatsan Baba a dangwala a takarda, wa zai sani? Haba jama'a! Allah zai sani. Ranar da ɗaya daga cikin 'ya'ya goma sha ɗaya ya ji an cuce shi, alƙali ma zai sani, kuma yaron da muke cewa muna taimako shi zai kwana a gidan kaso. Mu baƙi ne a ƙasar nan. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025 kowa ya ga yadda ake ƙara duba takardu. Sunan da muka yi a kasuwar nan na riƙon amana, iyayenmu suka bar mana shi, ba za mu zubar da shi a kan tawada ba.

Hanya ɗaya ce, kotu. Ni da Sakatare mun zauna da lauya ranar Talata. Ana son takardar likita mai bayyana halin da Baba ke ciki. Ana son dangi su zauna, uwargida da amarya da 'ya'ya da 'yan'uwansa, su yarda da wanda zai riƙe, a rubuta. Sannan a shigar da buƙata gaban alƙali, ya bincika halin Baba, in ya gamsu ya naɗa waliyyi. Wanda aka naɗa sai ya lissafa dukiya tun ranar farko, kuma ba shi da ikon sayar da gida don ya ga dama. Kada wani ya ce wannan tsarin Nasara ne. Ayar bashi a suratul Baƙara, aya ta 282, ta ce idan wanda ake bi mai rauni ne ko ba ya iya shibta da kansa, waliyyinsa ya shibta da adalci. Liman yana nan, in na yi kuskure ya gyara.

Inda muka cije shi ne takardu. Uku daga cikin manyan 'ya'yan a gida aka haife su, takardunsu da Ingilishi, sai an fassara. Biyu ba su da takardar haihuwa ko kaɗan, sai kotu ta yi musu hukuncin da ke maye gurbinta, shi ma da shaidu. Hausa ta zama harshen ƙasa a nan tun 2025, mun yi murna, amma fayil ɗin da za mu kai da Faransanci za a rubuta shi. Gonar Baba da ke gida kuwa, takardar Yamai ba za ta yi aiki a kanta kai tsaye ba, sai an sake bin kotun can.

Ku saurare ni da kyau a nan. Baba bai mutu ba. Na ji har an fara waya daga gida ana tambayar shago nawa ne, gidan Talaje na wa zai zama. Wanda bai keto Illela da Ƙonni ya zo ya ga jikin ɗan'uwansa ba, ya san adadin dilolin atamfa! Abin da za a ba yaron nan amana ce, ba gado ba. Kowane dala da zai fita, don cin Baba da maganinsa da iyalinsa zai fita, a rubuce. In Allah ya ba shi sauƙi, kuma ana samu, mun ga waɗanda harshensu ya dawo bayan watanni, a koma kotu a mayar masa da makullinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa nake roƙon dattawa uku su zauna a taron dangin, kada a tashi baram-baram.

Rahoto a gurguje. An biya hayar ɗakin taro. An gyara tabarmi da lasifika. Gudummawar suna biyu da ta'aziyya ɗaya sun isa. Maganar filin maƙabarta sai wata mai zuwa.

Kuɗin wata kuwa, mu 86 ne a littafi, 31 suka biya. Jikka ɗaya ce fa a kan kowa! Kuɗin shayi da burodi na kwana biyu. Da rufe iyaka a 2023 kowa ya ce kasuwa ta mutu, na yi shiru. An buɗe tun 2024, me ya rage? Lauya, fassara, tambarin takardu, motar da za ta ɗauki Baba in alƙali ya nemi ganinsa, da me zan biya? Na buɗe akwati in ba su iska?

Ni ma ina kewar gida. Wani dare ina kwance sai in ji kamar ina jin kiran sallar asuba daga masallacin Shehu. Duk cewa muke yi baɗi za mu koma, Baba ma haka ya yi ta faɗa mini, har ya sayi bulo. Ga shi ciwo ya same shi a nan, kuma a nan ba shi da dangin da suka fi mu. Yawancinmu mun haura hamsin, rabonmu da awon hawan jini tun yaushe? Wa ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa? Wa matarsa ta san bankin da kuɗinsa suke? Baba a kansa yake riƙe lissafi, kan ne kuma ya rufe.

Ina neman mutum huɗu da suka san Baba tun kafin haihuwar yaran nan, masu katin ofishin jakadanci da bai ƙare ba, su tsaya shaida. Alhamis ƙarfe takwas a ƙofar shagonsa. Akwatin yana bakin ƙofa, ni ma a can zan tsaya da littafi. Sakatare, ɗauki biro, ka fara rubuta sunana.