Horas da Ma'aikata: Daga Zauren Bita Zuwa Bakin Aiki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi yadda ake tsara shirin horas da ma'aikata, domin kusan babu kamfani ko hukumar da ba ta ware kuɗin bita a kasafinta, amma sau da yawa ma'aikaci kan dawo da takardar shaida a hannu ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba.

Tambayar farko da ya kamata mai tsara horo ya yi ita ce ko matsalar da ake son magancewa ta rashin iya aiki ce. Wani masanin harkar koyarwa ɗan Amurka, Robert Mager, ya ba da ma'auni mai sauƙi a kan haka: da a ce ran ma'aikacin ya rataya a kan yin aikin daidai, zai iya yi? Idan zai iya, to ba ilimi ya rasa ba. Wataƙila kayan aikinsa ne suka lalace, ko shugabanni biyu ne ke ba shi umarni masu karo da juna, ko kuma ya lura cewa duk wanda ya yi ƙwazo ba ya samun komai sai ƙarin aiki. Akawun da rahotonsa ke makara saboda kwamfutarsa na yawan tsayawa, ko an kai shi bita sau goma rahoton zai ci gaba da makara.

Idan an tabbatar cewa koyarwa ake buƙata, sai a rubuta abin da ma'aikacin zai iya yi bayan horon, da kalmomin da za a iya gwadawa. Cewa zai fahimci ƙa'idojin kariya bai wadatar ba. Gara a ce zai iya kashe injin bisa tsari ba tare da an tuna masa ba.

Game da yadda ake koyarwar kanta, akwai darasi a abin da ya faru a Amurka tsakanin 1940 da 1945. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe ƙwararrun ma'aikata zuwa fagen daga, masana'antu kuma suka cika da sababbin hannu, waɗanda da yawansu ba su taɓa riƙe kayan aikin ba. Gwamnati ta kafa wani shiri na horaswa a cikin masana'antu da ake kira Training Within Industry, ko TWI a taƙaice, wanda ya koya wa masu kula da ma'aikata matakai huɗu. Da farko a kwantar wa mai koyo hankali a gano abin da ya riga ya sani, sannan a nuna masa aikin daki-daki tare da dalilin kowane mataki, sai a bar shi ya yi da hannunsa yana bayani ana gyara masa, daga nan a riƙa leƙa shi har ya tsaya da ƙafarsa. Taken shirin shi ne, idan mai koyo bai koya ba, to malamin bai koyar ba. Bayan yaƙin wannan tsari ya isa Japan, inda kamfanin Toyota ya rungume shi a shekarun 1950. Abin lura a nan shi ne, a bakin injin ake koyarwar, kuma mai koyarwar shi ne wanda zai ga ma'aikacin gobe da jibi. Gani ya kori ji.

Sai batun lokaci. Tun a 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum kan manta kaso mai yawa na sabon abin da ya haddace cikin sa'o'i da kwanakin farko, sai fa idan yana maimaitawa a tsakani. Saboda haka cusa darussan wata guda cikin kwana biyu, don kawai a rage kuɗin zaure, asara ce. Ya fi kyau a rarraba horon, ma'aikaci ya koyi kaɗan, ya je ya gwada, ya dawo da tambayoyinsa.

A ƙarshen bita an saba raba takarda a tambayi mahalarta ko sun gamsu. A 1959 wani masanin harkar horaswa ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya kasa auna horo zuwa hawa huɗu, kuma wannan gamsuwar ita ce hawa na farko kawai. Sama da ita akwai abin da aka koya, sai canjin da aka gani a wurin aiki, sai kuma sakamakon da kamfanin ya samu, kamar raguwar kurakurai ko haɗurra. A ganina hawa na uku ne ya fi wuya, domin yana hannun shugaban sashe. Idan ma'aikaci ya dawo da sabuwar dabara, shugabansa ya ce masa a nan ba haka ake yi ba, horon ya mutu a ranar. Shi ya sa ya dace a zauna da shugabannin sassa tun ana tsara darussan, a ƙirga kurakuran da ake yi kafin a fara, a kuma sa ranar da za a dawo a sake ƙirgawa bayan wata uku.