Sallins: Garin da Ruwa Ya Haifa, Jirgin Ƙasa Ya Raya

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe a ranar aiki, tashar jirgin ƙasa ta Sallins cike take da mutane sanye da rigunan sanyi, kowa riƙe da jaka, kowa fuskarsa na duban inda jirgi zai ɓullo. Kusan dukkansu Dablin suka nufa, babban birnin ƙasar Ailan, wanda ke da nisan kimanin kilomita 30 daga nan, tafiyar da jirgi ke yi cikin kusan rabin sa'a zuwa tashar Heuston. Kafin ƙarfe tara dandamalin ya yi tsit, titunan unguwanni sun zama wayam, sai iyayen da suka dawo daga kai yara makaranta da tsofaffin da ke yawo da karnukansu. A wannan lokacin ne ya fi dacewa baƙo ya sauka, domin yana shigowa ne daidai lokacin da masu garin suka fita, kuma a nan zai fara gane irin garin da ya zo.

Sallins yana cikin gundumar Kildare, kuma mazaunansa sun kai kimanin 6,000. Sunansa a harshen Ailan na asali shi ne Na Solláin, wanda ake dangantawa da wata bishiya mai son bakin ruwa. Daga tasha zuwa tsakiyar gari tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, kuma tsakiyar garin ba wani fili ba ne ko kasuwa, gada ce. Idan mutum ya tsaya a kanta ya leƙa ƙasa, zai ga ruwa miƙe sambal kamar an ja shi da igiya, ba ya gudu, ba ya ƙara, jiragen ruwa masu dogon jiki suna ɗaure a gefensa. Wannan ba kogi ba ne. Hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannu, irin wadda ake kira kanal, kuma sunanta Grand Canal.

An fara haƙa ta a shekarar 1756, da nufin haɗa Dablin da kogin Shannon da ke tsakiyar ƙasar, a zamanin da hanyoyin ƙasa suke cike da laka kuma keken doki ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi zuwa nesa. Aikin ya ci lokaci da kuɗi fiye da yadda aka zata. Sai a 1779 aka buɗe sashen da ya iso Sallins domin dakon kaya, a 1780 kuma aka fara jigilar fasinjoji. Ba a kai ga Shannon ba sai a farkon ƙarni na 19, inda jirgin kasuwanci na farko ya ratsa hanyar gaba ɗaya a 1804. Tsawon babban layin ya kai kimanin kilomita 132, da matakalan ruwa 43. Na ɗan wani lokaci Sallins ne ƙarshen hanya, wato inda ake sauke kaya da mutane su ci gaba ta ƙasa, kuma abin da ya tara jama'a a wurin ke nan tun farko.

Yana da kyau a tsaya a kan waɗannan matakalan ruwa, domin su ne sirrin yadda jirgi ke hawa tudu. Kowace matakala ɗaki ne na dutse mai ƙofofin katako a gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar bayansa, sannan a buɗe ƙananan tagogi a ƙofar gaba ta hanyar juya wani ƙarfe da hannu, ruwan sama ya kwararo cikin ɗakin har ya ɗaga jirgin ya daidaita da sashen gaba. Sai a tura ƙofar da ƙarfin kafaɗa, jirgi ya wuce. Babu inji, babu lantarki, nauyin ruwa ne kawai ke yin aikin, kuma har yau haka ake yi. Duk jirgin da ya wuce yakan tafi da ruwa mai yawa zuwa ƙasa, shi ya sa dole a riƙa cike kanal daga sashensa mafi tudu, kusa da Lowtown, inda wata ƙaramar hanya ke kawo ruwan maɓuɓɓugan fadamar Pollardstown.

Siririyar hanyar da ke bin gefen ruwan ita ce turbar dawakai. Doki yana tafiya a kanta yana jan jirgi da doguwar igiya, kuma doki guda yana iya jan kayan da dawakai da dama ba za su iya ja a kan ƙasa ba. Abin da ake ɗauka shi ne hatsi, gari, kwal, duwatsun gini, gangunan giyar Guinness daga Dablin zuwa garuruwan yamma, da kuma baƙar ƙasar fadama da ake yankowa daga babbar fadamar da ake kira Bog of Allen a busar a yi makamashi da ita. Daga 1911 aka fara sa wa jiragen inji, dawakai suka fara hutawa. Yau wannan turba ta zama ta masu tattaki da masu keke, kuma ita ce ainihin dalilin da zai sa mutum ya zo Sallins.

Ku bi ta ta yamma, ku bar gidaje a baya. Ba da daɗewa ba za ku ga inda wani reshe ya balle zuwa hagu, ya nufi garin Naas, hedikwatar gundumar Kildare. An kammala wannan reshe a 1789, yana da matakalai biyar, kuma bishiyoyi sun yi masa rumfa ta yadda tafiya a gefensa zuwa Naas ta fi bin titin mota daɗi nesa ba kusa ba. Amma idan kuka ci gaba da bin babban layin, za ku isa wurin da a ganina ya fi komai cancantar a gani a wannan yanki, wato gadar ruwa ta Leinster, wadda aka gina a 1783. A nan kanal yana haye kogin Liffey a kan gadar dutse, ruwa a sama, ruwa a ƙasa. Abin mamaki shi ne mai tafiya a kan turba yana iya wucewa bai lura ba, domin ruwan saman bai canza kama ba ko kaɗan. Sai ya leƙa ta gefen katanga, ko ya gangara ƙasa ya ɗaga kai, sannan zai ga bakunan gadar da kogin ke bi ta ƙarƙashinsu. Masu ginin ba su yi ta domin ado ba, sun yi ta ne domin kaya su wuce, kuma bayan fiye da shekara 240 tana nan riƙe da ruwanta.

Jirgin ƙasa ne ya karya kasuwar kanal. An buɗe tashar Sallins a 1846 a kan layin da daga baya ya haɗa Dablin da birnin Cork da ke kudancin ƙasar, kuma kafin 1852 ta ƙare an daina jigilar fasinjoji ta ruwa, domin babu mai yarda ya kwashe yini a jirgin da doki ke ja alhali ga mai sauri. Dakon kaya ya ci gaba da jan ƙafa har zuwa 1960, lokacin da jirgin kasuwanci na ƙarshe ya wuce. Ita kanta tashar an rufe ta ga fasinjoji a 1947, garin ya koma ƙaramin ƙauye. Sai a 1994 aka sake buɗe ta domin masu zuwa aiki Dablin, kuma daga nan komai ya canza: tsadar gidaje a birni ta tura matasan ma'aurata neman muhalli a waje, gonaki suka zama rukunin gidaje, jama'a suka ninka sau da dama cikin shekara ashirin. Cunkoson motoci a kan tsohuwar gadar ya yi tsanani har sai da aka buɗe hanyar kewaye a 2021. Wannan saurin girma yana da farashinsa, domin gidaje sun riga sauran abubuwan more rayuwa isowa, kuma mazauna da yawa Naas suke dogara da shi wajen manyan sayayya da sauran hidimomi.

Jiragen da ke ɗaure kusa da gada kuwa, wasunsu gidaje ne da mutane ke zaune a ciki rani da damina, da hayaƙin murhu yana fita ta bututu, da tukwanen furanni a kan rufi. Baƙo ya kiyaye, kada ya taka su ko ya leƙa tagoginsu da kyamara, domin ɗakin kwanan wani ne. Hukumar Waterways Ireland ce ke kula da kanal, ɗaya daga cikin hukumomin haɗin gwiwa tsakanin Jamhuriyar Ailan da Ailan ta Arewa da aka kafa a 1999 bayan yarjejeniyar zaman lafiyar Ailan ta Arewa ta 1998.

Mai son tarihin siyasa zai so ya ƙarasa maƙabartar Bodenstown, 'yar tazara a arewacin gari. A can aka binne Wolfe Tone, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar United Irishmen a 1791, wanda ya mutu a kurkuku a Dablin a 1798 bayan tawayen da aka yi wa mulkin Birtaniya ya ci tura. Shi ɗan ɗarikar Furotesta ne da ya nemi haɗa kan Katolika da Furotesta a ƙarƙashin suna guda, kuma shekara da shekaru masu ra'ayin jamhuriya, wato masu son Ailan ta zama ƙasa ɗaya mai 'yanci daga Birtaniya, suna taruwa a Sallins su yi tattaki zuwa kabarinsa. Sunan garin ya kuma shiga bakin duniya a ranar 31 ga Maris 1976, lokacin da aka yi fashin jirgin ƙasa mai ɗauke da wasiƙu daga Cork a kan layin dogon da ya ratsa garin. An ɗaure wasu mutane bisa ikirarin da suka ce an tilasta musu, kotu ta soke hukuncin biyu daga cikinsu a 1980, na uku kuma, Nicky Kelly, ya samu afuwar shugabar ƙasa a 1992.

Wanda zai taho daga Najeriya ko Nijar ya sani cewa Ailan ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ta bai-ɗaya, saboda haka bizarta daban ce. Kuɗin ƙasar yuro ne. Ruwan sama yana iya sauka a kowane wata, don haka rigar ruwa da takalmi mai jure laka sun zama dole. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa magariba na yi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, abin da ya shafi lokutan salla da kuma tsawon tafiyar da za a iya yi, domin turbar kanal ba ta da fitilu da zarar an fita daga gari. Mai zuwa a lokacin hunturu ya sauka da safe, ya je gadar Leinster ya dawo tun da sauran haske, ya kama jirgin Dablin kafin na yamma su fara sauke masu garin.