Daga Tashar Lome zuwa Katako: Su Wa Ke Tafiyar da Kayanmu?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi buhun shinkafar nan da ke kan allo. A kasuwar Katako yake, nan Yamai, amma a Indiya ko Tailan aka noma shinkafar. Ta hau jirgin ruwa, ta sauka a tashar wata ƙasa, ta hau kamiyo, ta kwana a duwan, ta shiga mangaza, kafin ɗan dako ya sauke ta gaban mai shago. A kowane zango akwai wanda ya sa hannu a takarda, akwai wanda ya yi lissafi. Aikin waɗannan mutane, wato sana'ar sufuri da jigilar kaya, za mu duba yau, musamman don ƙannenmu da ke tambayar wane karatu ne ke da kasuwa.

Nijar ba ta da teku, kowa ya sani. Shekara da shekaru, mafi yawan kayanmu ta Kwatano suke shigowa: Paraku, Malanbil, a haye gada a shiga Gaya, sai Doso, sai Yamai. Tafiyar ta ɗara kilomita 1,000. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyakoki suka rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma gadar Gaya ba ta buɗe a lokacin ba. Sai kaya suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori su faɗo Tera, motoci a jere cikin ayari, sojoji na rakiya. Hanya ta ƙara tsawo, kuma ba ranar da ka ga dama za ka tashi ba, sai ranar da ayari ya tashi.

To, a nan ne aka gane wa ya iya aiki. Bari mu yi lissafi tare. A ce ɗan kasuwa yana sayar da buhu 40 a rana, kuma daga ranar da ya yi oda zuwa ranar da kaya za su iso kwana 30 ne. Ke nan da zarar buhunan da ke mangaza sun sauko 1,200, dole ya sake oda, ban da ɗan abin da zai ajiye don ko-ta-kwana. Yanzu a ce hanya ta koma kwana 60. Lissafin ya zama 2,400. Ninki biyu na kuɗi ya kwanta cikin buhuna, ana buƙatar mangaza mai faɗi, ga haya, ga mai gadi, ga ɓera. Wanda bai canza lissafinsa ba, shagonsa ya wayi gari fayau, abokan cinikinsa suka koma maƙwabta. Wannan ɗan lissafi da kuka gani, shi ne zuciyar sana'ar. Sauran duk rassa ne.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Madugun da ke kai fatake Gwanja sayen goro sai ya san rijiyoyin hanya, ya san inda ake biyan fito, ya san kwana nawa goro zai jure kafin ya bushe. Tambayoyin ba su canza ba, takardu ne suka ƙaru.

Mu fara da ɗan taranzit, mai fitar da kaya daga duwan. Mutane na ɗauka aikinsa sanin manya ne kawai. A'a. Kowane irin kaya a duniya yana da lambarsa a kundin duwan, kuma lambar ce ke faɗin harajin da za a biya. Ya kuskure lamba ɗaya, ko dai mai kaya ya biya fiye da kima, ko a ci shi tara. Shi ne zai shigar da bayanin kaya a SYDONIA, manhajar da duwan ɗinmu ke aiki da ita, wadda hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro. Shi ne zai tabbatar an sami takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar. Kuma agogo na tafiya a kansa: kamfanin jirgin ruwa yana ba da ƴan kwanaki kyauta a kan kwantena, in sun cika, kowace rana sai an biya kuɗin jinkiri, ko kwantenar ta ƙafa 20 ce ko ta 40. Takarda guda da aka manta a aljihun tebur tana iya cinye ribar tafiya sukutum.

Akwai mai sayo kaya, wanda dole ya san bambancin FOB da CIF a yarjejeniya, wato wa zai biya kuɗin jirgi da inshora. Akwai mai tsara motoci, wanda babban baƙin cikinsa shi ne kamiyo ya kai kaya ya dawo wayam.

Sai mai kula da mangaza, wanda aka fi rainawa, ni kuwa a ganina shi ne ginshiƙi. Ku ɗauki magani. A mangazar magunguna ba wanda ya fara shigowa ne ke fara fita ba, wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa ne. Yawancin alluran rigakafi kuwa sai an riƙe su tsakanin digiri 2 da 8 tun daga Yamai har likitar ƙauye, cikin zafin watan Afrilu, ga wuta tana ɗaukewa. Firiji ya tsaya dare ɗaya ba wanda ya lura, kwalba na nan lafiya lau a ido, amma abin da ke ciki ya tashi aiki.

Kada ku ce sai kayan waje. Mu gangara jihar Tawa, Galmi. Albasarta ta yi suna har Akara da Abijan. Lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Manomi ya zuba ta a rudu yana jiran tsada, amma kowane wata wani kaso na ruɓewa, wani na tsirowa, nauyi na raguwa. Yaushe ya kamata ya sayar? In an loda ta, kwana nawa za ta jure cikin buhu a bayan mota idan an tsaya a iyaka? Wanda ya iya amsa waɗannan da alƙalumma, ba da hasashe ba, ƙungiyoyin manoma da manyan dillalai suna buƙatarsa.

Ina fasaha ta shigo? Na'urar GPS da ke jikin mota tana nuna maka inda take da tsawon lokacin da ta tsaya, ba sai ka yi ta kiran direba yana ce maka ya kusa ba. Lambar da ake haskawa a jikin kwali tana rage kuskuren ƙidaya. Manyan kamfanoni na aiki da manhajar SAP, matsakaita da Sage ko Odoo, inda saye da ajiya da sayarwa ke haɗuwa wuri guda. Sai dai in faɗa muku gaskiya: kwamfuta abin da aka ba ta take mayarwa. In buhu 10 sun jiƙe da ruwan sama mai mangaza bai rubuta ba, allo zai ci gaba da nuna suna nan, oda za ta makara. Shi ya sa ƙwararru ke shiga mangaza da kansu lokaci-lokaci su ƙirga da hannu, su gwada da abin da na'ura ta ce.

Ƙanena, ƙanwata, in kuna son shiga, karatun tattalin arziki da gudanarwa yana nan a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, akwai kuma makarantu masu ba da takardun shaidar karatu na BTS da lisans a fannin sufuri da jigilar kaya. Ku riƙe Excel da kyau tun kafin ku nemi manyan manhajoji. Faransanci dole ne don takardun duwan, Ingilishi kuma don takardun jirgi da masu kaya na Cana da Dubai. Hausarku da Zabarmancinku su ne za ku yi magana da direba da ƴan dako, kuma wanda bai iya zama da su ba, motarsa ce ke ƙarshen lodi.

Wuraren aiki suna da yawa: OPVN mai ajiyar cimaka, SONIDEP mai rarraba man da matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa, ONPPC mai magunguna, kamfanin siminti na Malbaza, PAM mai agajin abinci da UNICEF da sauran ƙungiyoyin agaji, da manyan ƴan kasuwar da ƴaƴansu suka fara gajiya da littafin lissafin hannu. Galibi ba a fara wa mutum da ofis mai sanyi. Za a ba ka takarda da biro a tsayar da kai a ƙofar mangaza, kana ƙirga buhunan da ke sauka daga mota, kana ware waɗanda suka yage, sannan ka sa hannu kusa da hannun direba.