Jakar Gucci Ba Ta da Salansa, To Ina Hayaƙin Yake Fitowa?

[Hoto: kantin kayan alfarma a Milan, fitilu na haska jakunkuna]

Jama'a, tambayar da kuka yi ta aiko mana ke nan. Kamfani ya ce duk kantunansa sun koma lantarkin rana da iska, amma rahotonsa na shekara ya nuna miliyoyin tan na iskar kabon. To ƙarya yake yi? A'a. Ba a kantin hayaƙin yake ba.

Bari mu ɗauki Kering, kamfanin Faransa mai Gucci da Saint Laurent da Balenciaga da Bottega Veneta.

Ma'aunin da kusan kowa ke bi shi ne GHG Protocol, wanda ya fito a 2001, kuma ya kasa hayaƙin kamfani gida uku. Rukuni na ɗaya, man da kamfani ya ƙona da kansa, a motocinsa da tukwanen ɗumama gininsa. Na biyu, wutar da ya saya. Waɗannan biyun ba wuya, rasit ne da mita. A kamfani irin wannan, ko kashi 10 cikin 100 ba su kai ba.

Sauran fiye da kashi 90 ɗin suna rukuni na uku: duk abin da wasu suka ƙona domin wannan jakar ta samu. Nan za mu zauna.

[Hoto: daga jaka zuwa teburin ɗinki, zuwa majema, zuwa kwata, zuwa garke]

Ku bi ta da baya. Ɗinki, jima, fiɗa, har mu iso ga saniya tana tuƙa. Wannan gyatsar da take yi, iskar metan ce ke fita. A tsawon shekara 100, tan ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar tan 28 na iskar kabon. Ga takin zamani da aka zuba wa abincinta. Idan kuma daji aka sare aka yi mata makiyaya, kamar yadda ake yi a yankin Amazon na Brazil, itatuwan ma sun shiga lissafi. Tun 2015 Kering ke fitar da rahoton riba da asarar muhalli na dukan kamfanoninsa, kuma rahoton ya nuna cewa wajen samar da ɗanyen kaya ne nauyin ya fi yawa, fata ce kuma a kan gaba.

Ga wurin da mutane ke rikicewa. Ba don jaka aka yi kiwon saniyar nan ba. An ci nama, wataƙila an tatsi nono shekara da shekaru, an sayar da ƙashi da kitse. To nawa ne kason fata a cikin hayaƙinta?

Kamar watanda ne. An yanka sa guda, kowa zai ɗauki kasonsa, sai dai a nan bashin hayaƙi ake rabawa, kuma ba mai son kaso mai tsoka.

[Hoto: zanen saniya, ana raba ta kashi-kashi]

Idan da nauyi aka raba, fata takan ɗauki wajen kashi 7 cikin 100 na nauyin dabbar. Idan da kuɗi aka raba, wato nawa fatar ta kawo cikin abin da aka samu a kwata, kasonta yakan yi ƙasa da haka, kuma yana hawa yana sauka da farashin kasuwa. Akwai kuma masu majemu da ke cewa sifili ne. Hujjarsu: ko da jaka ko babu, za a yanka saniyar, su ma taimako suka yi da suka hana fatar ruɓewa a juji.

Saniya ɗaya, jaka ɗaya, amsa uku. Shi ya sa za ku ga kamfanoni biyu masu jaka iri ɗaya, lambobinsu sun yi hannun riga.

Ni dai ban yarda da sifilin nan ba. Abin da aka biya kuɗi aka saya ba shara ba ne. Mu da ke cin ganda mun fi kowa sani, a Najeriya mai tukunya da majemi rububin fatar saniya suke yi. Duk kuɗin da fata ta kawo yana cikin ribar kiwo, don haka sai ta ɗauki nata kason.

Akwai tarko na biyu a nan dai. Kamfanin da bai san gonar da fatarsa ta fito ba yakan yi lissafi da kuɗin da ya kashe: yuro kaza na fata, a ninka da wani matsakaicin adadi. Ku duba abin da zai faru. Ya ƙara kuɗi ya sayi fata daga makiyayi mai kula da ƙasa, sai takarda ta nuna hayaƙinsa ya ƙaru. Ya sayi mai araha daga dajin da aka sare, sai ta nuna ya ragu. Maganin abin shi ne a bi sawun kowace fata har gonar da aka yi kiwonta, aikin kuma yana cin shekaru.

[Hoto: fatu a shanye a unguwar masana'antu ta Challawa, Kano]

Wannan ya shafe mu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe da suna a Turai, har ana kiranta fatar Maroko saboda ta can ayari ke bi da ita. Har yau majemun Challawa da Sharaɗa suna tura fatun awaki da tumaki Italiya da Sifen.

To ragewa fa? Mu yi sauri.

[Hotuna a jere]

Gyara salon kiwo da noma: a 2021 Kering da ƙungiyar kare muhalli ta Conservation International suka kafa asusu da burin farfaɗo da ƙasar noma da kiwo hekta miliyan 1. Taimaka wa majemu su bar gas da kwal. Yanka fata da dabara don a rage tarkace. Jirgin ruwa a maimakon na sama. Gyara tsohuwar jaka. Sai daina ƙona kwantai: kamfanin kayan alfarma na Birtaniya, Burberry, ya ƙona kaya na fam miliyan 28.6 a shekara guda, da surutu ya yi yawa ya daina a 2018, Faransa kuma ta haramta wannan ɗabi'a da dokar 2020.

Abin da ba ragewa ba ne shi ne sayen takardar cewa an kare wani daji a madadinka. A 2019 Gucci ya ce ya biya dukan hayaƙinsa ta wannan hanya. A 2023 ya janye iƙirarin. Ya kyauta da ya janye.

Ku kuma lura da kalmar "a kan kowace yuro ta ciniki" idan kamfani yana faɗin yawan hayaƙinsa. Idan aka ƙara wa jaka farashi, wannan adadin zai sauka ko da hayaƙi bai motsa ba. A 2023 Kering ya yi alkawari da jimillar tan: ragin kashi 40 cikin 100 nan da 2035, a kan ma'aunin 2021. Wannan alkawarin ba zai cika daga kanti ba, sai an bi fata har tushenta.

[Hoto: dillalin fatu a kasuwar ƙauye yana ɗaure kaya]

A wajenmu kuwa, fata na bin hannun mahauci da dillali da mai tarawa kafin ta ga ƙofar majema, ba lamba, ba takarda. Mai saye a Italiya zai ƙara matsa tambayar inda aka yi kiwon akuyar, da irin wutar da aka jeme fatar da ita, domin shi ma ana tambayarsa. Masu majemun Kano su fara rubuta sunan kasuwa da na dillali a kan kowane ɗauri tun yanzu.