Garin da ya sayi ƙungiyarsa: tarihin Rochester Red Wings

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, tare da Malam Lawal da ƙanena Auwal. Yau mun ajiye ƙwallon ƙafa a gefe, za mu leƙa Amurka, wani gari da ake kira Rochester a jihar New York, can arewa a bakin tafkin Ontario. Garin kamfanin Kodak ne, masu fim ɗin ɗaukar hoto. Suna da ƙungiyar besbol mai suna Red Wings, tun 1899 take wasa kuma ba ta taɓa barin garin ba. Malam, sannu da zuwa.

Malam Lawal: Yawwa Zainabu, sannunku da aiki.

Auwal: Malam, kafin a yi nisa a warware mini wani abu. Yaya Zainab ta ce mini ƙungiyar ba ta babbar gasa ba ce. Shekara fiye da 120 tana ƙaramin rukuni, ba ta taɓa haurawa sama ba?

Malam Lawal: Ai ba a haurawa, Auwalu. Su a tsarinsu ƙungiya ba ta hawa, ba ta faɗuwa. Ɗan wasa ne yake hawa. Babbar gasar ita ce MLB, mai ƙungiyoyi 30, kuma kowace ɗaya tana da ƙananan ƙungiyoyin da take rainon 'yan wasanta a cikinsu, mataki mataki. Rochester tana matakin ƙarshe, wanda suke kira AAA. Yaro yana iya buga wasa yau da dare a Rochester, gobe a kira shi a waya a ce ya tattara kayansa, babbar ƙungiya na nemansa. Ita babbar ce take biyan albashin 'yan wasa da masu horarwa. Ƙaramar kuma nata shi ne filin wasa, da tikiti, da abincin da ake sayarwa, da jama'ar gari.

Auwal: To ni a nan abin ya ɗaure mini kai. Yaya za ka ba ƙungiya zuciyarka, alhali duk wanda ya fara haskawa sai a ɗauke shi a tsakiyar kaka?

Malam Lawal: Riƙe tambayar nan, tarihin ne zai ba ka amsa. Da farko ƙungiyar cin gashin kanta take yi, ta sha canza suna: Bronchos, Hustlers, Tribe. A ƙarshen shekarun 1920 ne St. Louis Cardinals suka saye ta. Akwai wani mutum a wajensu, Branch Rickey, wanda daga baya ya ɗauki Jackie Robinson a Brooklyn ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasar. Shi ne ya ga cewa Cardinals ba su da kuɗin da za su yi gogayya da attajiran New York wajen sayen gwanaye, sai ya ce to mu sayi ƙananan ƙungiyoyi mu reni namu. Rochester ta shiga hannunsu, aka raɗa mata Red Wings, aka gina mata sabon fili a 1929. Ta ci gasar International League sau huɗu a jere, daga 1928 zuwa 1931.

Zainab: Kuma Stan Musial, fitaccen ɗan wasan Cardinals, ya bi ta nan.

Malam Lawal: A 1941, na ɗan lokaci, kafin kakar ta ƙare an kira shi St. Louis. Bob Gibson ma, gwanin jefa ƙwallo na Cardinals, ya yi wasa a Rochester. Amma abin da nake so mu tsaya a kai shi ne 1956. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan ƙungiyoyi sun yi tashe ƙwarai, a 1949 akwai lig 59 a ƙarƙashin babbar gasa. Sai talabijin ya shiga gidaje. Mutum yana zaune a falonsa yana kallon manyan taurari kyauta, me zai kai shi sayen tikitin kallon masu koyo? Cikin shekara goma fiye da rabin waɗannan lig suka rushe. Cardinals suka duba littafinsu suka ga asara, suka ce sun gaji da riƙon Rochester.

Auwal: Shi ke nan, ƙungiya za ta mutu ko a kai ta wani gari.

Malam Lawal: Haka ya faru da garuruwa da yawa. A Rochester sai wani ɗan kasuwa mai suna Morrie Silver ya miƙe. Bai ce zai saya shi kaɗai ya zama mai gida ba. Cewa ya yi a sayar wa jama'ar gari hannun jari, kowane ɗaya dala 10. Ma'aikacin masana'anta ya sayi ɗaya, mai kanti ya sayi biyar, wani ya saya da sunan ɗansa. Cikin kwana 72 mutum 8,222 suka saka kuɗinsu. A farkon 1957 kamfanin da suka kafa, Rochester Community Baseball, ya karɓi ƙungiyar da filinta daga hannun Cardinals.

Zainab: Abin da ya fi taɓa ni a nan, Malam, shi ne yadda suka karrama shi. A besbol idan ɗan wasa ya yi fice, sai a jingine lambar rigarsa, ba mai ƙara saka ta. Morrie Silver ba ɗan wasa ba ne, ba shi da riga. Sai suka jingine masa lamba 8,222.

Malam Lawal: Kuma a 1968 suka sa wa filin sunansa, yana raye ya gani da idonsa. Wannan shi ne daidai. A yaba wa mutum yana ji.

Auwal: To amma Malam, mallakar ta canza wani abu? 'Yan wasan dai har yanzu na wasu ne.

Malam Lawal: Ta canza abu ɗaya, kuma shi ne babba: ba wanda ya isa ya wayi gari ya ɗauke ƙungiyar ya kai ta inda aka fi ba shi kuɗi. Sannan gari ya samu baki. Daga 1961 suka ƙulla da Baltimore Orioles, aka yi shekara 42 tare. Earl Weaver ya horar a Rochester kafin ya zama babban koci a Baltimore. Tawagar 1971, mai Bobby Grich da Don Baylor, har yau dattawan garin suna maganarta. Amma bayan kofin 1997 sai Baltimore ta riƙa turo musu tawaga mara ƙarfi, kaka biyar a jere rashin nasara ya fi nasara yawa. A ƙarshen 2002 mutanen Rochester suka ce a kai kasuwa, suka koma wa Minnesota Twins. Ƙaramar ƙungiya ce ta sallami babba. Ba kasafai ake ganin haka ba.

Zainab: Malam, kada a tsallake Kuba.

Malam Lawal: Af, 1959! Lokacin birnin Habana yana da ƙungiya a lig ɗinsu, Sugar Kings. Red Wings suka je can wasa a daren 25 ga Yuli, wata bakwai da hawan Fidel Castro. Wasa ya kai tsakar dare, aka shiga 26 ga wata, ranar tunawa da harin barikin Moncada inda juyin juya halin ya faro. Masu murna suka fara harba bindiga sama, ciki da wajen fili. Harsashi ya faɗo a kan wani ɗan wasan Rochester, Frank Verdi, yana tsaye a bakin fili. Robar kariya da ke cikin hularsa ce ta zama sanadin tsirarsa. Wani harsashin ya shafi kafaɗar ɗan wasan Habana, Leo Cárdenas. Nan wasa ya tsaya, Red Wings suka bar ƙasar. Shekarar da ta biyo aka ɗauke ƙungiyar Habana aka mayar da ita Jersey City.

Auwal: Inna lillahi. Kwanansa ne ke gaba.

Zainab: To ni bari in kawo nawa, wasan da ya sa na fara karanta tarihin ƙungiyar nan. Auwal, ka san besbol ba a yin shi da agogo. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye kowane ɓangare ya bugi ƙwallo har sai an fitar masa da mutum uku. Kuma ba a tashi canjaras. Idan maki ya zo ɗaya, a ƙara zagaye, a ƙara, har wani ya wuce.

Auwal: Ko da za a kwana?

Zainab: Ai an kwana. Ranar Asabar 18 ga Afrilu 1981, Rochester ta je baƙunci garin Pawtucket a jihar Rhode Island, filin McCoy, wajen ƙaramar ƙungiyar Boston Red Sox. Aka fara bayan ƙarfe takwas na dare, ana sanyi mai shiga ƙashi, ga iska tana kaɗowa cikin fili tana dawo da duk ƙwallon da aka ɗaga sama. Rochester ta ci maki ɗaya a zagaye na bakwai, Pawtucket ta rama a na tara. Sai abu ya cije. Aka yi zagaye goma sha ɗaya ba wanda ya ci komai. A na 21 Rochester ta sake ci, kowa ya ce an huta. Sai Wade Boggs ya yi bugun da ya rama wa Pawtucket, 2 da 2.

Malam Lawal: Su kansu abokan wasansa ba su san murna za su yi ko kuka ba.

Zainab: Sanyi ya kai 'yan wasa suna tara karyayyun gorori da katakon benci a cikin durom suna hura wuta suna jin ɗumi. Lig ɗin yana da dokar tsayar da wasa idan dare ya yi nisa, amma a littafin da aka raba wa alƙalai a shekarar ba a saka ta ba, don haka alƙalin ya ce ba shi da hurumin tsayarwa. Sai da aka yi ta neman shugaban lig ɗin, Harold Cooper, a waya, aka same shi cikin dare, ya ce a tsaya da zarar an gama zagayen da ake ciki. Ƙarfe 4:07 na asuba aka tashi, bayan zagaye 32. 'Yan kallo 19 ne suka rage a kan kujeru.

Auwal: Kai! Waɗannan sha taran su ne magoya baya na gaskiya. Ina fata an saka musu.

Zainab: An ba su tikitin shiga kyauta. Aka sa 23 ga Yuni don ƙarasawa. Ikon Allah, sai ya zo daidai da yajin aikin 'yan wasan babbar gasa, babu wasan MLB ko ɗaya a ƙasar. 'Yan jarida suka yi wa ɗan garin nan tsinke, mutum 5,746 suka cika filin. Minti 18 aka yi. Dave Koza ya buga, Marty Barrett ya shigo gida, wato ya ci maki, Pawtucket ta ci 3 da 2. Zagaye 33, awa 8 da minti 25, kuma har yau ba a yi wasan besbol na ƙwararru da ya kai shi tsawo ba.

Auwal: Ashe namu ne suka sha kashi.

Malam Lawal: Ka ji shi, har sun zama nasa! To Auwalu, ga amsar tambayarka ta ɗazu. A wasan nan akwai wani yaro ɗan shekara 20 a tawagar Rochester, Cal Ripken ƙarami. Sau 13 ya tsaya bugu, sau 2 kawai ya samu. Kafin shekarar ta ƙare Baltimore ta ɗauke shi, ya je ya buga wasa 2,632 a jere bai yi fashin ko ɗaya ba. Mutumin Rochester bai ɗauki tafiyarsa asara ba. Cewa yake yi, mun gan shi tun bai zama kowa ba. Kuma akwai waɗanda ba su tafi ba. Luke Easter ya fito daga gasar baƙaƙen fata, ya buga wa Cleveland, ya zo Rochester ya riga ya manyanta, gari ya rungume shi har aka jingine lambarsa 36. Joe Altobelli ya yi musu ɗan wasa, ya yi koci, ya je ya ci kofin babbar gasa da Baltimore a 1983, ya dawo ya shugabanci ofishinsu, ya ƙare yana yi musu sharhi a rediyo. A garin ya zauna har rasuwarsa.

Auwal: Na gamsu da rabi, Malam. Ni dai har yanzu da ciwo a ce cin kofi ba shi ne gaban kocin ba, rainon yaran wasu ne.

Malam Lawal: Da ciwo, ba zan musa maka ba. Tun 1997 ba su ƙara ɗaga kofin lig ba.

Zainab: Ita Pawtucket fa, Malam, da ta ci wancan wasa?

Malam Lawal: Nan ne abin tausayin. Attajirai ne suka mallake ta, suka nemi sabon fili, ba a daidaita da jihar ba, sai garin Worcester ya yi musu tayin da ya fi. Daga 2021 ƙungiyar ta koma can, aka bar mutanen Pawtucket da tarihi. A daidai lokacin kuma MLB ta rage ƙananan ƙungiyoyin da take hulɗa da su daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka rasa gurbinsu. Rochester ma ta ji girgizar, don Twins sun bar ta sun koma St. Paul da ke maƙwabtaka da su. Sai ta ƙulla da Washington Nationals, da su take har yanzu. Tsohon filin Silver an bar shi bayan kakar 1996, an koma sabo a tsakiyar gari, kuma 'yar Morrie Silver, Naomi, ita ta daɗe tana jagorancin kamfanin jama'ar.

Zainab: Lokaci ya cimmana. Malam, mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Malam Lawal: Amin, Allah ya yi muku albarka.

Auwal: Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.