Tassa ba taki, rami ce kawai

Masu saurare, barkanku da war haka. Ga sharhinmu na yau daga nan Tawa.

Kwanan nan wata magana ta cika bakin masana da ƙungiyoyin raya karkara, wai noma mai farfaɗo da ƙasa. Abin nufi shi ne manomi ya bar gonarsa bana da ƙarfin da ya fi na bara, kuma a daina raba maganar ƙasa da ta ruwa da ta dabba da ta mutum. Ba'adare, mutumin ƙasar Adar ta nan Tawa, in ya ji haka sai ya yi murmushi, don a gonarsa aka yi aikin tun ba a raɗa masa suna ba.

Bayan farin 1973, a shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. A 1984 aikin raya karkara na Keita ya kankama da tallafin Italiya, inda mata suka fi kowa ɗaukar duwatsu a ka, mazan sun tafi ci-rani. A 1989 kuma wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramuka a fako, suka dawo suka gyara tassarsu ta gado, wato ramin shuka mai tara ruwa da taki.

Mu ɗan tsaya kan tassar nan, don a cikinta maganar take. Da rani ake gina ta, faɗinta da zurfinta ba su wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ce ke ƙarasa aikin. Tana bin takin, tana huda fakon ta ƙarƙashi, ruwan farko in ya sauka sai ya nutse maimakon ya gudu ya zama kwazazzabo. Garar da muke tsine wa a rumbu, a nan ita ce ɗan ƙodagon da ba a biya. Da haka filin da ko ƙaya ba ta fitowa ya ba da damman hatsi, har a wajen Badagishiri aka shiga saye da sayar da fako.

To, takin daga ina? Da, in an gama girbi, Bafillace ko Buzu ya sauka a gona da garkensa, dabbobi su ci kara, su bar kashi, mai gona ya auna masa hatsi, a sha nono, a rabu da wasa. Yau kara kuɗi ne. Kafin a saki gonaki an kwashe shi da amalanke, harawa ta hau rufin ɗaki, gona ta kwana tsirara iskar hunturu na sheƙe ta. Makiyayi ya iso bai tarar da komai ba, sai burtalin da aka cinye rabinsa. Wani wurin ma fakon da muke alfahari an farfaɗo da shi, nan ne garke ke bi zuwa mashaya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma duk wanda ya bi hanyar Abalak da damina ya san inda gero ya kai.

Ba muna cewa manomi ya yi laifi ba. Iyali sun ƙaru, gona ba ta ƙaru ba, shi ma yana da tumakinsa na turke da zai ciyar. Amma aikin da zai ƙirga yawan ramuka da rabin-wata, wato ramin tare ruwa mai siffar jinjirin wata, a rahoto, bai zaunar da manomi da makiyayi a tabarma ɗaya ba, ya gina rijiya ne ba guga.

Tun 1993 ƙasar nan take da dokar karkara, da kwamitocin filaye da muke kira kofo, waɗanda suka kai har ƙauye. Aikinsu ne su kafa alamun burtali, su rubuta yarjejeniya. Muna kira ga hakimai da magadan gari su sanar da ranar sakin gonaki da wuri, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, kuma a zauna da arɗo kafin garken farko ya gangaro daga Azawak.