Mai Shago Jiya, Matafiyi Yau: Yana Cin Zakka?

'Yan uwa, ku dubi mutumin nan da ke zaune a wata makaranta a Gadarif, gabashin Sudan, shi da iyalinsa a aji ɗaya. Kafin yaƙi ya kore shi a Disamba 2023 yana da shago a Wad Madani, yana da gida, kuma duk shekara shi ke fitar da zakka ya raba. Yau ko kuɗin kisra, wainar dawa ta Sudan, ba shi da su. To, ya halatta a ba shi zakka?

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan zakka, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, tafarkin Allah, sai ibnus sabil, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mutuminmu yana cikin wannan na ƙarshe.

A Mukhtasar Khalil, wanda malamanmu na Malikiyya ke karantarwa, an ce baƙon da ya rasa abin da zai kai shi gida ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, muddin tafiyar ba ta saɓo ba ce, kuma bai sami mai ranta masa ba. Ku lura da wannan sharaɗi. A da, fatake na rantar wa juna saboda an san dukiyar tana can tana jira. Yau wa zai rantar wa mutumin da shi kansa bai san ko shagonsa na tsaye ko an wawashe shi ba? Idan kuma dukiyar ta salwanta baki ɗaya, ya zama faƙiri, nan ma ƙofa a buɗe take. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu.

Mu Hausawan Sudan bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kakanninmu a ƙasa suka tako daga yamma da niyyar hajji. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu. Baƙi ne, aka karɓe su.

Masu bashi kuwa, Diwanin Zakka, wato hukumar zakka ta gwamnatin Sudan, wanda ke aiki da dokar 2001, ya saba biya wa waɗanda aka tsare a kurkuku saboda bashi. 'Yanta bayi babu shi yanzu. Wasu malamai sun shigar da fansar wanda aka kama a ƙarƙashinsa, wasu sun ƙi, don haka ka tambayi malaminka kafin ka yi.

Saura tura zakka wani gari. A Malikiyya ana raba ta inda dukiyar take, sai dai idan can nesa sun fi buƙata. Manomin Gadarif da ya girbe dawar damina, ya fitar da ɗaya cikin goma, ba sai ya yi nisa ba: baƙin suna makarantar unguwarsu.

Abin da nake roƙo shi ne, irin wannan bawan Allah ba zai shiga layi ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ka kai masa da dare, ko ka tura masa ta Bankak, manhajar banki ta waya, kuma ba dole ba ne ka gaya masa zakka ce.